Maharazu, Waliyyin Ƙudajen Dubai

Jama'a, a rage surutu, a kife waya, mai tsaye ya nemi wurin zama. Yau labarin babban mutum za a yi. Maharazu ke nan ɗan Malam Nafi'u, haifaffen Aboabo a birnin Kumasi, mazaunin unguwar International City a Dubai. Mutumin da ya ɗaura auren da limaman Kano gaba ɗaya ba su ɗaura ba, kuma ba a taɓa raba goro ko ɗaya a wurin ba. Mai ciyar da dubban bayin Allah safe da yamma, waɗanda har suka mutu babu wanda ya ce masa an gode. Dokta Maharazu, wanda bai taɓa yi wa ko kaza allura ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana tafiya a hankali kamar wanda ya zuba ƙwai a aljihu. Abu ɗaya ya so a ransa tsakani da Allah, wato auren Mahfuza mai tuwo. Abu ɗaya ne kuma ya tsaya tsakaninsa da ita: ƙuda.

Ya sauka Dubai a 2009, shekarar da garin ya yi tuntuɓe. Dogayen benaye sun tsaya rabi da rabi, ƙarafa a waje kamar haƙarƙarin saniya, masu kuɗi na guduwa suna barin motoci a filin jirgi. Shi kuwa tun a Accra ejan ya gaya masa aikin kula da lafiyar jama'a zai yi. Da ya iso aka goya masa tanki a baya, aka ba shi takunkumi da sandar feshi. Ashe lafiyar jama'ar ita ce kashe kyankyasai da kuɗin cizo a ɗakunan lebura.

Wata rana aka tura shi wani gini a Dubai Investments Park, tsakanin siton tayil da kamfanin ruwan gora, aka ce ya feshe kowane ɗaki. Ya gama ƙasa, ya hau sama, ya tura wata ƙofa da ƙafa. Sai ga wata tsohuwar Baturiya, siririya, gashi fari fat, tabarau na reto a wuya, ta taso a guje ta baje hannuwa a bakin ƙofar kamar gola.

"Tsaya!" ta ce da Turanci. "Kada ka matsa abin nan!"

Maharazu ya tsaya. Ya leƙa ta ƙarƙashin hammatarta. Ɗaki ne mai sanyi, kantoci daga ƙasa har sama, cike da ƙananan kwalabe masu toshiyar auduga, kowace kwalba cikinta na motsi.

"Madam," ya ce, "ƙuda ne fa cike da ɗakin nan."

"Na sani. Nawa ne. Daga Ingila na zo da su."

Ya sha jin Turawa na kiwon kare da kyanwa, har da maciji. Amma a ce mutum ya hau jirgi da ƙuda, alhali a layin mahauta na kasuwar Kumasi kyauta za a ba shi har da gyara, wannan bai taɓa ji ba. Ya sauke sandar feshi, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya sauka.

Ba a daɗe ba kamfanin feshi ya bi sahun sauran, ya mutu. Maharazu na zaune yana lissafin yadda zai koma gida da jaka ɗaya, sai aka ce wata Baturiya na nemansa. Ta sa aka mayar da bizarsa ƙarƙashin jami'ar da take wa aiki. Ya tambaye ta me ta gani a jikinsa.

"An ce ka tsaya, ka tsaya," ta ce. "Sauran zan koya maka."

Sunanta Dokta Winifred Harbottle, amma bakin Maharazu ya gajarce shi zuwa Dokta Wini, ita ma ta amsa. 'Yar wani mai gasa burodi ce a arewacin Ingila. Tun tana budurwa tambaya ɗaya ta kama ta, ba ta sake ta ba har furfura: ta yaya ƙwai yake sanin inda zai sa kai da inda zai sa gindi? Abu ne dunƙulalle, ba ido ba kunne, babu injiniya tsaye a kansa da zanen gini, amma ƙafa ta fito a wurin ƙafa, ido a wurin ido. Ta ce umarnin yana cikin ƙwayoyin gadon da uwa da uba ke bayarwa, kuma da yawa daga umarnin da ke tsara jikin ƙuda, irinsa ne ke tsara ɗan tayi a cikin mace. Tunda ba a barin mutum ya yi gwaji da 'ya'yan mutane, sai ta koma wa ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Ba su da tsada, ba su kai ƙara kotu, kuma kafin wata ya ƙare ɗa ya zama kaka.

Fiye da shekara talatin tana leƙen madubin likita. Ta gano abubuwa, ƙanana-ƙanana, irin waɗanda wasu ke takawa su hau sama. Manyan kyaututtuka suka riƙa wucewa ta ƙofarta suna shiga gidajen maƙwabta. Da tattalin arziki ya karye, jami'arta ta gode mata ƙwarai, ta haɗa mata walimar shayi da biskit, ta karɓe makullin ɗakinta. A daidai lokacin wata sabuwar jami'ar kuɗi a Dubai na neman farfesa Bature da za ta sa hotonsa a talla. Ba su tambaye ta me take bincike ba, sun dai ga farin gashi da tabarau. Ta ce za ta zo in har da ƙudajenta. Suka ɗauka barkwanci ne irin na mutanen Ingila, suka yi dariya, suka sa hannu.

To ƙudan nan ba a shanya shi a ajiye kamar irin shuka. In kana son zuri'arsa ta ɗore, sai ka riƙa juye shi daga tsohuwar kwalba zuwa sabuwa mai sabon abinci, har illa masha Allahu. Akwai dangin da Dokta Wini ke juyewa tun kafin a haifi Maharazu. Abincin kuwa shi ke tuƙawa: garin masara, yis, sukari, da wani farin gari na ciyawar teku mai sa abu ya kama jikinsa. Babbar tukunya ce, ya tsaya a kanta yana juyawa kada ta yi gudaji, ya zuzzuba a kwalabe da zafinsa. Ranar farko ya ɗanɗana, ya ce wannan ai koko ne da bai ji citta ba.

Sai babban aikin, wato tsintar amare. In Dokta na son ta ga abin da uba kaza da uwa kaza za su haifa, dole amaryar ta zama ba ta taɓa sanin namiji ba. Ƙudaje kuwa ba su da kunya, sa'o'i kaɗan da fitowarsu duniya sun fara zance. Don haka safe da yamma Maharazu zai sumar da su da wata iska, ya baje su a faranti ƙarƙashin madubi, ya sa ɗan buroshin masu zane yana warewa: maza masu baƙin gindi dama, mata hagu, sababbin fitowa masu fari-farin jiki su ne amare. Ya ɗebe su ya haɗa da angon da Dokta ta zaɓa, ya toshe da auduga. Shi ne waliyyin ango, shi ne na amarya, shi ne mai abincin biki. Ƙuda bai san Juma'a ba, bai san Sallah ba. Ranar Idi ma, daga masallaci bas yake hawa da sabuwar shaddarsa ya je ya raba maza da mata.

Shi kansa waliyyin, a saman gado mai hawa biyu yake kwana, a ɗakin gwauraye.

Abin da bai taɓa yi ba shi ne gaya wa wani Bahaushe gaskiyar aikinsa. In an tambaya sai ya ce, "Wajen wata likita Baturiya nake, ɓangaren bincike." Ka ɗauki kalmomin ɗaya bayan ɗaya ba za ka sami ƙarya ba, sai ka haɗa su. Wata rana ya manta ya dawo da farar rigar aiki a kafaɗa, shi ke nan sunan Dokta ya kama shi. 'Yan kasuwar Kano masu zuwa sari a katafariyar kasuwar 'yan China suka fara tare shi a hanya: wannan ciwon baya, wancan ƙurji a wani wuri da sai an ja shi gefe. Maganinsa ɗaya ne ga kowa: a sha ruwa da yawa, a rage maiƙo, in bai daina ba a je asibiti. Abin haushi, mutane suna warkewa.

Mahfuza kuwa 'yar Fagge ce, bazawara, doguwa, ta haura talatin, ba ta da lokacin shirme. A wani fulat a hawa na biyu take tuwo. Babu allo a ƙofa, hanci ne ke kai mutum. Kuka da daddawa da man shanu daga gida ake aiko mata cikin kayan 'yan kasuwa, shi ya sa da azahar falonta ba wurin sa ƙafa. Abokin gabarta a duniya ɗaya ne. Tana da abin bugun ƙuda na roba soke a ƙugu kamar takobi, in ƙuda ya kuskura ya shigo, sai ta bar ciniki ta bi shi har sai ta ga gawarsa.

"Dokta ɗan Gana," take ce masa, "yau ma waken nan naku mai jan ganye za ka tambaya, ko ka waye?"

"Hajiya, waken namu ai shi ya raine ni har na yi kyan da kike kallo."

"Wane kyau? A wajen rabon tsawo dai an cuce ka."

"Ei, Hajiya! Allah ya ga naki ya ishi mutum biyu, shi ya sa."

Sai ta ƙara masa tsoka ɗaya ba tare da ta dube shi ba. Ko me wannan ke nufi a Fagge, a International City rabin alkawari ne.

Sai da aka yi shekaru ana ƙarin tsoka kafin ya buɗe baki, a 2014. Ta ce, "Ni ba yarinya ba ce, na ji na gani, ina so. Amma ina da wa. Je ka ga Yaya Alhaji."

Alhaji Ɗalhatu mai kamfanin kago ne, yana tattara kayan 'yan kasuwa ya cusa a kwantena a tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali. Mutum ne da bai taɓa yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali ba sai ya farke ya gani. Ya karɓi Maharazu da mutunci, ya buga waya Kumasi, wani limami ya tabbatar masa gidan Malam Nafi'u gidan kirki ne. Asali ya fita. Saura sana'a.

"Dokta," in ji Alhaji, "wurin aikin nan naka zan zo in gani da idona. Ba raini ba ne, habibi, haka ake yi. Ubanmu ya rasu, ni ne uban."

Maharazu ya ce ai babu komai, ya fita.

Washegari ya sami Dokta Wini. "Dokta, wani babban mutum zai zo ya yi tambaya a kaina. Magana ce ta rayuwata gaba ɗaya. Don Allah ki faɗi alheri."

Bai ce aure ba. Yaya za a yi ya dubi sa'ar uwarsa ya yi mata zancen aure? A wajensa maganar ta fito fili, ko wace tsohuwa a Zangon Kumasi ta san abin yi: a ce yaron kirki ne, yana sallah, yana gaida manya, a ba baƙo abin sha, a raka shi ƙofa. Abin da bai sani ba, a garinsu Dokta in wani ya zo tambaya a kan ma'aikacinka, to sabon mai ɗaukar aiki ne, kuma babban alherin da za ka yi wa yaronka shi ne ka baje ƙwarewarsa dalla-dalla har da shaida. Ranta ya ɓaci da zai bar ta, amma ta ƙudura sai ta fitar da shi kunya. Har ƙudajen da ta fi alfahari da su ta ware.

Alhaji ya iso cikin farar shadda, turare na gaba yana biye. Maharazu ya sa farar riga mai guga, ya zaunar da shi a ofishin gaba, inda ba komai sai littattafai. Aka kawo shayi. Turancin Alhaji na kasuwa ne, a bakin 'yan China da Indiyawa ya tsince shi, amma yana kaiwa inda aka aike shi.

"Madam, wannan yaro, yaya halinsa?"

"Ban taɓa aiki da mai amana irinsa ba," in ji Dokta. "Ba ya makara, ba ya ƙarya." Maharazu ya dubi ƙasa. "Ga can kusurwar da yake sallarsa."

Alhaji ya gyaɗa kai, ya shanye shayi, ya fara tattara riga zai tashi. Da an tsaya nan, da tuni an sha biki. Sai Dokta ta miƙe tana murmushi.

"Amma baki kawai bai isa ba. Zo ka ga aikinsa da idonka."

"Dokta, Alhaji na sauri," in ji Maharazu.

"Wa ya gaya maka?" in ji Alhaji. "Yalla, mu je."

Dokta ta fara da tukunya. "Shi ke dafa musu. Tun da ya karɓi tukunyar nan ba su taɓa ƙin ci ba."

"Marasa lafiyar?"

"Ƙudajen."

Alhaji ya juyo, ya koma Hausa. "Dokta, me ta ce?"

"Ranka ya daɗe, wai... ƙudaje."

"Na ji ta. Daga bakinka nake so in ji."

Dokta ta ja Alhaji wajen madubi. Alhaji ya dafe hula, ya sunkuya, ya kanne ido ɗaya. Sai ya ga ƙuda ya zama kamar rago, ga jajayen idanu, kuma a goshinsa, inda 'yan gashin nan biyu ya kamata su fito, ƙafafu ne guda biyu cif, har da gwiwa. Ya yi baya da sauri ya taka ƙafar Maharazu.

"A'uzu billahi! Ƙafa a ka?"

"Ya yi kyau ko?" in ji Dokta, fuskarta kamar uwar amarya. "Umarni ɗaya ne ya tashi a wurin da ba nasa ba. Maharazu ne ya haɗa iyayensa."

"Kai ka haɗa wannan?"

"Aure kawai na haɗa, Alhaji. Halittar ta Allah ce."

"To Allah ya sa ba irin wannan za ka haɗa wa ƙanwata ba."

Ba ta ƙyale ba, sai da ta sa Maharazu ya zauna ya nuna tsintar amare. Ya so ya yi da gangan kamar bai iya ba, amma hannu ba ya jin kunyar suruki. Buroshi ya kama aikinsa, dama, hagu, dama, hagu, Dokta na bayani: yana ware matan da ba su san namiji ba, kuma idonsa ba ya kuskure. Da Alhaji ya dawo hayyacinsa, ɗan kasuwar da ke cikinsa ne ya yi magana.

"Madam, wa ke saye?"

"Ba a sayarwa."

"Ana ci?"

"A'a."

"Magani ake haɗawa da su?"

"Wataƙila wata rana wani ya haɗa, a kan abin da muka gano. Ba lallai in gani ba."

"Wato shekara talatin kina kiwon abin da ba a ci, ba a sayarwa, ba a hawa?"

"Da biyar," ta gyara masa cikin fara'a.

A bakin ƙofa ta ce, "Duk wanda ya same shi ya yi sa'a. Zan yi kewarsa."

"Riƙe abinki, Madam," in ji Alhaji da Hausa. "Ba inda za shi."

Alhaji bai ce ya hana ba. Abin da ya yi ya fi hani muni: ya ba da labari. Ya ba da shi a ofis, ya ba da shi a ƙofar masallaci, ya ba direban tasi ɗan Pakistan da bai tambaye shi ba. Kowace bayarwa ƙafafun na ƙaruwa. Kafin a ankara, daga unguwar Deira ta Dubai har Fagge an san zance. Sunan Dokta ya faɗi, Sarkin Ƙuda ya hau. Masu ƙurjin da aka ja gefe suka daina gaishe shi. A falon Mahfuza wani ya ɗaga loma ya ce, "Hajiya, wannan baƙin abin daddawa ce ko dangin miji ne?" Aka kwashe da dariya. Amma wasu ba dariya suka yi ba, ajiye cokali suka yi, kuma ba su dawo ba.

Mahfuza ta tare Maharazu a ƙofar kicin da la'asar, bayan an watse.

"Hajiya," ya fara, "na yi miki ƙarya..."

"Wace ƙarya? Ka ɗauka ban sani ba? Wane likita ne kullum yake warin ƙullin fanke? Wane likita ne ƙuda zai sauka a hannunsa, maimakon ya kore shi sai ya tsura wa gindinsa ido ya ce mace ce? A falon nan ka yi, ina kallonka."

"To me ya sa ba ki..."

"Don lokacin ni kaɗai na sani. Abin da ni kaɗai na sani ba ya hana ni ciniki. Abinci nake sayarwa, Maharazu. Ba zan zama matar mai ƙuda kuma in sayar da tuwo ba. Ko su, ko ni."

Ya ɗauka zaɓin mai sauƙi ne, sai da ya zo yi. Shekara da shekaru yana ɓoye aikin nan kamar cuta, ashe ya saba. Ya san masu farin ido, ya san masu naɗaɗɗen fiffike, ya san dangin da ba sa son zafi da waɗanda sai an lallaɓa suke haihuwa. Ga tsohuwa, hannunta ya fara rawa, buroshi ba ya zama a yatsunta. In ya tafi wa zai zo ranar Idi? Ya yi ta ɗagawa, gobe, jibi, Mahfuza kuwa ta daina ƙarin tsoka. Ran nan dai ya haɗa Turancinsa na ajiye aiki a cikin bas, ya maimaita har ya zauna, ya shiga ofis ya tsaya.

"Zauna, Maharazu," in ji Dokta, tun bai buɗe baki ba. "Ina da labari mara daɗi."

Jami'a ta yanke shawarar mayar da benen ajujuwan koyon kasuwanci. Sun lura hotonta na yin aikin da suke so ko ba ta nan. Ƙarshen zangon karatu za a rufe ɗakin, ita kuma ta yi ritaya.

"Abu ɗaya ne ya kwantar mini da hankali," ta ce, "ka riga ka sami wani wurin. Mutumin nan mai fararen kaya, ya ɗauke ka ko? Na yi iya ƙoƙarina ranar."

Maharazu ya miƙe tsaye. "Kin yi ƙoƙari ƙwarai, Dokta," ya ce.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai hawa na biyu. Ya tsaya gaban Mahfuza, ya buɗe ƙirji. "Hajiya, na bar su. Saboda ke."

Rabin farko gaskiya ne. Ta dube shi sama da ƙasa, kallon da bai ɗauki lokaci ba, ta ce Allah ya saka da alheri. Suka ɗunguma wajen Alhaji da albishir.

"Madalla," in ji Alhaji. "Haka ake son namiji. To yanzu ina kake aiki?"

Alhaji ya ba kansa amsa.

"Ba aiki, ba biza. Ba biza, sai Kumasi. In ɗauki ƙanwata in ba mai jiran tikiti? Halas, shi ke nan, a bari sai ya samu."

Ka ji fa. Da ƙuda ba mata, ba ƙuda ba mata. Maharazu ya fara laluben takalminsa. Mahfuza ce ba ta motsa ba.

"Yaya, kai ka ɓata, kai za ka gyara. An aike ka bincike, ka dawo ka buɗe gidan rediyo. Bakinka ya kore mini masu cin tuwo, bakinka ya raba shi da aikinsa. Sa shi a bizar kamfaninka."

"Ke Mahfuza, me ya iya? Kago ba ƙuda ba ne."

"Ya iya tuƙi. Ni kafaɗata ta gaji."

A ranar ta miƙa masa muciya a gaban Alhaji. Ya tsaya kan tukunya kamar yadda ya saba, ya tuƙa tuwon da ko gudaji ɗaya babu. Alhaji ya ci malmala biyu don tabbatarwa, ya nemi ta uku don kada a zalunci yaro.

Aka rufe ɗakin ƙuda a 2015. Dangogin da ke da muhimmanci aka shirya aika su wata ma'ajiya a Turai. Da Alhaji ya ji ana zancen aika kaya ƙasar waje sai ga shi da kansa, a'uziyyar ta tafi hutu. Da aka gaya masa aikin rayuwar Dokta gaba ɗaya bai kai nauyin katan ɗin silifa ba, ya ce shi dama gaisuwa ya zo. Sauran kwalaben firiza aka ce a sa su, sanyi ya kashe ƙudajen. Maharazu ya ce wa tsohuwa ta je ta sha shayi, ya yi bisimilla, ya jera su da kansa, ya rufe.

Dokta Wini ta zo walimar auren da aron gyale, yana ta zamewa. Aka nuna mata wan amarya, ta ga mutumin nan mai fararen kaya. Ta dube shi, ta dubi ango, ta dubi amarya. Fuskarta ta yi ja kamar tumatir. "Oh," ta ce. Iyakar abin da ilimin shekara talatin da biyar ya samu ya faɗa ke nan. Da aka kawo tuwo ta ɗanɗana, ta yaba laushinsa, ta ɗaga yatsa za ta yi wa jama'a bayanin inda ango ya koyi tuƙi, sai baki uku suka haɗu: "Dokta!" Ta mayar da yatsanta.

Ta koma Ingila, ta rubuta takardarta ta ƙarshe. Kwanan baya wani ɗalibi ɗan Zariya mai karatu a Sharjah, maƙwabciyar Dubai, ya nuna mini ita a waya. Ashe akwai wani dangin ƙuda da ta gano a Dubai, kuma a al'adarsu wanda ya gano shi ke raɗa suna. Na karɓi wayar na haura hawa na biyu wajen Mahfuza a guje. Azahar ce, falo ya cika maƙil, masu cin tuwo sun dawo har da sababbi. Maharazu na ƙofar kicin da singileti, gumi na zuba, Hajiya na ciki tana zuba miya.

"Yaya Maharazu!" na ce. "Ka shiga tarihi! Baturiyarka ta sa wa ƙuda sunanka! Yanzu duk wani farfesa a duniya, daga Amurka har Japan, in yana so sai ya rubuta a aiko masa maharazu kwalba biyu. Bayan ni da kai da Alhaji mun zama ƙasa, ana nan ana kiran sunanka!"

Ya dubi wayar, bai karɓa ba. Ya waiga kicin, ya dubi falo.

"Rage murya, mutane na cin abinci," ya ce. "Tuwo ko shinkafa?"